Hanyar Komawar Baƙin Mai: Bututun da Ake Rainawa a Aikin Turbo

Duk lokacin da aka zo zancen ƙara wa mota ƙarfi da babban turbo, hankalin mutane kan tafi ga girman fankarsa da yawan iskar da zai tura cikin inji. Ni kuwa abin da na fara dubawa shi ne wani gajeren bututu da ke ƙarƙashinsa, wanda ke mayar da baƙin mai zuwa kaskon inji, wato abin da makanikai ke kira botom fulet. A ganina, wannan bututu ne ke yanke hukunci ko kuɗin da aka kashe zai yi albarka ko zai bi hayaƙi.

Tun 1905 injiniyan nan na Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar amfani da hayaƙin inji wajen juya fanka mai cusa iska. Turbo na motar yau yakan yi juyi sama da 100,000 a minti guda, kuma abin da ke hana sandarsa cin boris shi ne baƙin mai. Man yana shiga ta siririn bututu, famfon inji na ingiza shi da ƙarfi. Fitarsa kuwa babu mai ingizawa, gangarowa kawai yake yi da nauyin kansa. Ga shi kuma sandar ta kaɗa shi ya cika da kumfa, ya fi yadda ya shiga cin wuri. Saboda haka dole mafita ta fi mashiga faɗi nesa ba kusa ba. A ma'aunin AN da aka gada daga sojojin Amurka, mashiga kan zama lamba 4, mafita kuwa lamba 10, kimanin milimita 16.

Akwai abin da na daɗe ina son masu motoci su fahimta. Abin da ke rufe bakin sandar turbo ba roba ba ce, ringi ne na ƙarfe irin na fistan, kuma babban aikinsa shi ne hana iska da hayaƙi kutsawa wurin boris. Ba a yi shi don ya tare tafkin mai ba. Idan man ya rasa mafita ya taru, sai ya tsallake ringin ya faɗa salansa ko hanyar iska, mota ta dinga fitar da hayaƙi shuɗi. Na sha jin an ce sabon turbo jabu ne, alhali ruwa ba ya tsami banza: bututun komawa ne ya shaƙe shi. Wanda ya taɓa zama a gidan soro ya san cewa idan indararo ya toshe, rufi ne ke yoyo, ko da magini ya iya aikinsa.

Sauya turbo yakan sauya mazauninsa, tsohon bututu ya daina kaiwa, sai a yanke a ƙara. A nan ne ƙa'idoji huɗu suke da muhimmanci. Na farko, a juya tsakiyar turbo yadda bakin mafita zai dubi ƙasa sosai. Na biyu, bututun ya gangara tun daga sama har ƙasa, babu kwanciya, babu lanƙwasar da mai zai kwanta a ciki. Na uku, ya shiga kasko a saman iyakar da mai ke kaiwa, domin idan bakinsa ya nutse, man da ke ciki zai tare na sama. Na huɗu, idan za a huda kasko a yi waldar sabon baki, a kwance shi daga inji a wanke, don ɓarɓashin ƙarfe kaɗan ya isa ya cinye metal. Tiyon da za a sa kuma ya zama mai jure mai da zafi, a nisanta shi da salansa, a kuma guji cika gam a kan gaskit, kada ya matso ciki ya rage hanya.

Ko an cika waɗannan, saura numfashin inji. Iskar da ke sulalewa ta gefen fistan tana taruwa a kasko, idan ba ta da mafita sai ta hau bututun ta tare mai. Inda kuma turbo ya yi ƙasa da yawa har gangara ta gagara, sai a sa famfon zuƙa. Haka Porsche ta yi wa ƙirarta ta 911 Turbo da ta shiga kasuwa a 1975.

Shawarata ga mai shirin wannan aiki ita ce, kafin ya biya kuɗin turbo, ya sa makanikensa ya nuna masa da yatsa inda man zai bi ya koma. Idan hanyar ta gangara sumul, a ci gaba. Idan kuwa an fara cewa za a san yadda za a yi, to aikin bai kai a taɓa sifana ba tukuna.