Dajin Da Ake Biya A Shiga

Sa'ad da aka yi hutun zangon karatu, wani ɗalibi, haifaffen Ɗantutture a ƙasar Katsina, ya bi motar albasa zuwa Ikko domin ya gaida kawunsa da ke fatauci a kasuwar Mil Sha Biyu. Ran Lahadi kawun ya ce masa, "Tashi, ɗana, yau za ka ga daji." Ɗalibin ya ɗauka ba'a ce, gama tun isowarsa bai ga kome ba sai kwalta da benaye.

Ashe da gaske ne. A Lekki, tsakanin teku da tafkin Ikko, akwai wani gandun daji mai faɗin hekta 78, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta keɓe a 1990, tun unguwar ba ta cika ba. Yanzu gidaje sun yi masa zobe. Suka biya kuɗi a ƙofa, aka ba su tikiti.

Ƙasar wurin fadama ce, saboda haka bisa katako ake tafiya, ruwa baƙi ƙirin yana kwance a ƙasa. Birai ba su gudun mutum, har su kan miƙa hannu kamar masu bin bashi. Abin da ya fi tsaya wa ɗalibin a rai kuwa shi ne itatuwan. Shi da ke karatun Hausa, wanda ke iya bambance marke da ƙirya tun daga nesa, sai ga shi ya rasa sunan da zai kira su da shi. Tukurwa kaɗai ya shaida, ita ma a gadon kakarsa ya santa, bai taɓa ganinta tsaye da ganyenta ba.

Daga nan suka hau gadar nan ta igiya da aka buɗe a 2015, mai tsawon mita 401, wadda ke lilo a saman itatuwa. Kawu ya yi taku goma ya komo, wai shi ba tsuntsu ba ne. Ɗalibin ya daure ya kai ƙololuwa, ya duba, ya ga iyakar dajin ta kowace fuska.

A nan ne Rugu ta faɗo masa. Dajin nan da ke yamma da Dutsin-Ma, wajen Safana da Batsari, ya ninka wannan ba adadi. Can kakansa ya kan kai shanu da damina, ya komo da zuma da labarin kuraye. Shi kuwa jikan bai taɓa sa ƙafa ciki ba, domin tun yana yaro 'yan bindiga suka mai da shi mafaka. Watau dajin farko da ya shiga hankali kwance, sai da ya yi kwana biyu bisa buhunan albasa kafin ya kai gare shi.

Da ya sauko ya faɗa wa kawunsa. Kawu ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Nan ana biya a shiga. Can gida sai an biya ake fitowa." Bai ƙara ba, don kuwa da shi aka haɗa kuɗin fansar wani surukinsa.

Suna fita, ɗalibin ya ninke tikitin ya sa cikin littafinsa, ya roƙi kawu su biya bakin teku kafin rana ta faɗi.