Sojan Roba da Tauraron Kaka



A kan tagar ɗakina a Kebbe akwai sojojin roba goma sha bakwai. Duk wanda ya shigo sai ya yi dariya, wai ƙato da gemu yana wasan yara. Ba na musu. Amma akwai wani kore a cikinsu mai karyayyar bindiga, wanda har yau ban gama biyan kuɗinsa ba.

Kakana na wajen uba tsohon soja ne. Yana cikin dubban 'yan Arewa da Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, su suka fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Shi ya sa har yau ake da barikin Arakan da na Myohaung a Legas. Abin da ya dawo da shi bai cika akwatinsa na ƙarfe ba: ɗamara, kofin shan shayi, sai lambar yabo ta tagulla mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Mu dai tauraron Kaka muke ce mata.

Ina aji huɗu a firamare, wani yaro ya dawo daga Sakkwato bayan ƙaramar Sallah da sojan roba. Mu da muka saba da dokin laka da motar kara, sai muka ga abin duniya. Ya ce ba ya sayarwa, sai dai musaya. Ranar Juma'a, Kaka na masallaci, na buɗe akwatin na ɗauke tauraron.

Bayan kwana uku ya kira ni. "Abokina, ina tauraron nan nau?" Na rantse ban gani ba. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi sojan daga hannuna, ya jujjuya shi, ya ce, "Wanga soja bai san yunwa ba." Daga nan ya soma ba ni labarin yadda suke ɗaukar kaya a ka cikin daji, ruwan sama ba dare ba rana, matsattsaku na shan jininsu, abinci kuma sai jirgin sama ya jefo. Ban tsaya ya ƙarasa ba. Yara na kirana a waje, na fizge sojana na ruga.

Shekara biyu bayan haka Allah ya yi masa rasuwa. Na koma wajen yaron, ya ce tuni ya sayar wa 'yan gwangwan.

Da na girma na soma tara waɗannan sojoji daga kasuwar Tambuwal da hannun 'yan gwanjo, sai na gane ashe a Amurka harka ce babba. A 1964 kamfanin Hasbro ya fito da G.I. Joe, soja mai tsawon inci 12 da gaɓoɓi masu motsi, kuma ya ƙi kiransa 'yar tsana don kada yara maza su guje shi. Masu tara na farko-farkon ba jikin sojan kaɗai suke bi ba. Hular kwano, takalmi, jaka da kwalin da ya zo ciki, su ke ɗaga farashi, domin ƙananan kaya su yara ke fara ɓatarwa.

Nan ne abin ya soke ni. Tauraro irin na Kaka an buga su da yawa, mai kuɗi zai iya samun wani. Amma sunan wanda suka kwana rami ɗaya, da abin da ya ji ranar da ya sake ganin Kebbe, waɗannan ba su kasuwa. Su na bari a kan tabarma ran nan.

Yanzu duk tsohon da na samu, da littafi da biro nake zuwa. 'Yan uwa, in akwai akwati irin wannan a gidanku, ku buɗe shi tun mai shi yana da rai, ku zauna har ya kai ƙarshe.

Allah ya jiƙan magabatanmu.