Masu Ceton Tsofaffin Finafinai a Oakland

A watan Janairu na sauka Oakland, birnin da ke tsallaken ruwa da San Francisco a jihar Kalifoniya. Bikin Noir City ne ya kai ni, wanda ake yi duk shekara don tsofaffin finafinan Amurka marasa launi na shekarun 1940 da 1950, labaran kisa da cin amana da kwaɗayin kuɗi, waɗanda Faransawa suka raɗa wa suna film noir. An fara bikin a 2003, ya daɗe a silimar Castro ta San Francisco, sannan ya koma Grand Lake, ginin 1926 da ke bakin tafkin Merritt.

Tun daga bakin ƙofa kallo ya fara. Maza sun sha kwat da malafa, mata sun caɓa ado irin na kakanninsu, tsofaffi da matasa sun yi dogon layi cikin sanyi. Kafin a kashe fitila, Eddie Muller, jagoran bikin, yakan hau dandamali ya faɗi wanda ya rubuta fim ɗin, wanda ya riƙe kyamara, da irin wuyar da aka sha kafin a same shi. Idan sunan jaruma ya bayyana a allo sai tafi ya ɓarke, alhali ta rasu tun kafin a haifi yawancin masu tafin.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda kuɗin tikiti ke zuwa. Gidauniyar Film Noir, wadda Muller ya kafa a 2005, tana zuba shi wajen farfaɗo da finafinan da ke dab da salwanta, da haɗin gwiwar ma'ajiyar finafinai ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Ɗauki Woman on the Run na 1950. Wani mai zane ya fita da karensa da dare, ya ga an yi kisa, ya gudu ya ɓuya. Matarsa, wadda Ann Sheridan ta fito a matsayinta, ta shiga nemansa lungu-lungu a San Francisco, aurensu kuwa ya riga ya yi sanyi. A cikin neman ne ta gano ciwon zuciyar da ya ɓoye mata, ta kuma gano har yanzu yana ƙaunarta. Ni a ganina labarin aure ne aka saka masa rigar labarin kisa, shi ya sa yake shiga rai. Kwafin da ake da shi a Amurka ya ƙone a gobarar ɗakin ajiyar Universal a 2008. Mutanen gidauniyar ba su haƙura ba, suka bi sawu har Ingila, suka samo wani a Cibiyar Finafinai ta Birtaniya, aka gyara hoto da sauti.

Wannan ya tuna mini da Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976, wanda ya yi shekaru ba a ganinsa, sai da aka tono shi aka gyara, aka nuna a Berlin a 2018. Allah kaɗai ya san kaset nawa na farkon finafinan Kano ƙura da zafi suka cinye.

A Oakland aikin ba ya ƙarewa a silima. A 2016 kamfanin Flicker Alley ya fitar da Woman on the Run a faifan Blu-ray da DVD, tare da Too Late for Tears na 1949, wanda shi ma gidauniyar ta ceto. Faifan Woman on the Run na ɗauke da sharhin Muller, da wani ɗan gajeren shiri da ke nuna titunan da aka ɗauki fim ɗin a da da yadda suke yau. Mutumin da ba zai taɓa taka Kalifoniya ba yana iya zama a falonsa ya ga hoton tas, baƙin ya yi baƙi ƙirin, inuwa ta fito sosai, ba dusu-dusun kwafin da aka yi shekaru ana sayarwa da arha ba.