Ƙwayar Tazara Ba Ta Ƙona Mahaifa

Yau ku yi mini afuwa, na ɗan jingine labarin da muke ciki, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk mai karanta littattafanmu na Hausa ya san wannan labarin. 'Yar boko ta yi aure, ta dinga shan ƙwaya wai kada ta tsufa, ranar da ta tashi neman haihuwa sai likita ya zare tabarau ya ce mahaifarta ta ƙone. Daga nan sai kishiya, sai kuka. Labarin yana da daɗin karatu, amma ya cusa wa mata da yawa tsoron da ba shi da tushe.

Ni na sha ƙwayar nan. Haihuwata ta uku kwanika ce, na jigata ƙwarai, don haka da shawarar maigida muka je asibiti aka ɗora ni a kanta. Na yi shekara biyu da rabi ina sha, na daina ina da shekara 34 saboda muna son ƙari. Kwana uku da ajiye ta jini ya zo. Ma'aikaciyar jinya ta riga ta faɗa mini cewa wannan ba al'ada ta sosai ba ce, jiki ne ya ji an janye masa magani. Ta gaskiyar sai a wata na gaba.

Aikin ƙwayar shi ne hana ƙwan mace fita kowane wata. Da an daina, cikin 'yan kwanaki sinadarinta yake barin jiki, ba taruwa yake a mahaifa ba kamar yadda ake faɗa a gidajen biki. Wata ma takan ɗauki ciki kafin ta ga al'adar farko. Yawanci al'ada takan daidaita cikin wata uku, in ta wuce haka ba ta zo ba, sai a koma asibiti. Allurar wata uku ce takan ja lokaci, wata macen sai ta kusa shekara kafin ƙwanta ya dawo fita, ita ma jinkiri ne ba rashin haihuwa ba.

Abin da ya fi mini wuya shi ne jira. Wata na farko shiru, na biyu shiru. A na huɗu Hajiyar maigida ta kira ni ɗaki ta ce, "'Yar nan, anya ba maganin nan ne ya yi miki illa ba?" Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya a dai taya mu da addu'a." Daren nan ban runtsa ba. A wata na bakwai Allah Ya kawo rabo.

To wata bakwai ba wani abin tashin hankali ba ne. Cikin ma'aurata goma masu neman haihuwa, kusan takwas sukan samu cikin shekara guda, an sha ƙwaya ko ba a sha ba. Likitoci sun ce wadda ba ta kai 35 ba ta jira shekara kafin a fara bincike, wadda ta kai kuwa wata shida. Kuma a duba har da maigida, domin matsalar takan fito ta wajensa. Sau da yawa abin da ake ɗora wa ƙwaya, shekaru ne suka ja, ko kuwa dama can al'adar a rikice take, ƙwayar ta rufe.

Abu ɗaya kada ki yi wasa da shi 'yar uwa, ƙwayar folik asid. Ki fara shan maikirogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga, har ya kai mako 12. Lakar jariri tana haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da ke kanki ba ki san kina da shigar ciki ba. Mai ciwon suga ko hawan jini kuma ta ga likita kafin ta ajiye ƙwayar.

Haihuwa ta Allah ce, Shi ke bayarwa a lokacin da Ya so. Masu jira, Allah Ya ba ku masu albarka, Ya kare ku daga gorin baki. Mu haɗu a ci gaban labarinmu in Allah Ya kai mu.