Abin Da Usur Bai Koya Mini Ba



Da yawanku kun san ni da tsohon usur a wuya, kullum bayan la'asar ina bakin fili. Kusan shekara arba'in ke nan ina wannan hidima a Anka. Da langa na fara, muna yi da farin wata, sannan ƙwallon tsumma, duwatsu biyu su ne raga. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Nijeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atalanta. Daga nan kowane yaro ya ce shi ne Tijani Babangida ko Garba Lawal. Mukan cika mota mu je wasa Gummi ko Bukkuyum, guzurinmu ƙuli-ƙuli da gari. A lokacin, gaskiya, ba abin da nake so kamar kofi. Yaron da ya yi sanyi kuwa, tsawa ce rabonsa.

To, ga abin da ya sauya ni. A 2010 ina da wani yaro ɗan shekara goma sha uku, mutumin wajen Dareta, yana zaune gidan kawunsa don karatu. Duk cikin yarana ba mai gudunsa. Kwatsam sai ya lalace, ƙwallo ta wuce shi yana tsaye. Muna shirin wasa da 'yan Gummi, na daka masa tsawa a gaban kowa, na ce raggo ne, ya fita mini daga fili. Bai ce uffan ba, ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Washegari kawunsa ya tare ni a kasuwa. Ya ce, "Malam, mi yaro yai maka? Ƙanne nai biyu na can gida suna ta jijjiga, jiya da safe ɗaya tar rasu."

Wallahi ji na yi ƙafafuna sun kasa ɗaukata. Ashe gubar dalma ce. Ana daka duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar na shiga abinci da bakin ƙananan yara. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu, har likitocin ƙungiyar MSF suka zo suna ba da magani. Ni kuwa ina nan ina lissafin kofi.

Na je na yi ta'aziyya, na roƙi yaron gafara a gaban kawunsa. Sai da ya yi wata biyu kafin ya dawo fili. Yau shi ke riƙe mini ƙananan aji, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa yaro murya ba.

Ku tuna yadda ake langa: aikin dawaki shi ne su kare ruwa har ya sha. Dokin da ya ture ruwansa da kansa, ai ya kayar da gidansu. Tun daga ranar, in na ga yaro ya yi sanyi, nakan ja shi gefe in ce, "Ka ci abinci? Lafiya gida?"

Iyaye, in ɗanku ya dawo daga fili shiru, ku tambaye shi kafin ku yi faɗa. Ku kuma ɗalibai, gobe in abokinku ya rage gudu, kada ku yi masa ihu. Ku rage naku, ku ji abin da ke damunsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya raya mana ku. Sai mun haɗu a fili.