blink-182, da abokin da na shekara biyu ban kira ba

1/ Jiya wani ya karɓi wayata a hostel, ya ga jerin waƙoƙina, ya ce "kai kuma me ya haɗa ka da hayaniyar Turawa?" Na yi dariya kawai. Amma tambayar ta kwana a raina. Toh ga zare kan blink-182. Mai haƙuri ya biyo ni 🧵

2/ A tsohuwar laptop ɗin yayana na tsince su, lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022. Wata takwas muna zaune a gida, ba karatu ba aiki. Irin kiɗansu ana ce masa pop punk: jita mai ƙara, ganga da gudu, amshi mai saurin shiga kai. Minti uku an gama.

3/ A 1992 suka fara, a garin Poway kusa da San Diego, jihar Kalifoniya a Amurka. Tom DeLonge na jita, Mark Hoppus na bes, Scott Raynor na ganga. Ƙanwar Mark ce ta haɗa shi da Tom. Da farko Blink kawai suke, sai wasu mawaƙa 'yan Ailan masu wannan suna suka ce a'a, shi ne suka liƙa 182.

4/ A 1998 suka sallami Scott. Travis Barker, da ke kaɗa wa The Aquabats ganga, shi ya maye gurbinsa. A 1999 suka saki Enema of the State, duniya ta san da su. Kwafi sama da miliyan 15. Albam na gaba a 2001 ya hau lamba ɗaya a Billboard.

5/ Gaskiya ba zan kare su a komai ba. Shirme ya yi musu yawa a lokacin. Akwai bidiyon da suke gudu tsirara a titi, akwai barkwancin da ba zan kunna a gaban ƙannena ba. Amma cikin wannan albam ɗin na 1999 akwai Adam's Song, waƙar kaɗaici da ƙuncin rai. Ita ta riƙe ni.

6/ Inda labarin ya fara taɓa ni shi ne 2002. Tom ya buɗe wata ƙungiya a gefe, Box Car Racer, ya ɗauki Travis, ya bar Mark. Ku duba fa: mutum uku ne, biyu sun tafi sun yi abu ba tare da kai ba. Mark ya ji ciwon abin. Sun ci gaba da aiki tare, har da I Miss You a 2003, amma ɓarakar ta riga ta shiga.

7/ Fabrairun 2005 suka watse. Tom ya kafa Angels & Airwaves, Mark da Travis suka kafa +44. Shekaru suka wuce Tom da Mark ba sa magana. Mutanen da suka yi ta kwana a mota ɗaya suna yawon wasa tun ba su da ko sisi.

8/ Ni ma ina da nawa Tom ɗin. Tun JSS1 muke tare. A yajin aikin nan muka haɗa kuɗi muka fara buga rubutu a riguna. Da kasuwa ta fara buɗewa, sai na ji a bakin wani cewa ya karɓi babban aiki da wani ɗan ajinsu, bai gaya min ba. Ban tambaye shi dalili ba. Na cire kuɗina, na daina ɗaga wayarsa.

9/ Koma kan su. Ranar 19 ga Satumba 2008 jirgin da Travis ke ciki ya yi hatsari wajen tashi a South Carolina. Mutum huɗu suka rasu, biyu suka tsira, shi da DJ AM. Wuta ta ci fiye da rabin jikinsa. Tom ya rubuta masa wasiƙa. Fabrairun 2009 su ukun suka fito tare a bikin Grammy suka ce sun dawo.

10/ Sai dai dawowar ba ta kai zuci ba. Neighborhoods na 2011 kusan kowa a ɗakinsa ya yi nasa, ana turawa ta imel. Kana ji a waƙoƙin ma, wallahi. A 2015 Tom ya sake fita, suka ɗauko Matt Skiba na Alkaline Trio. California na 2016 ya yi lamba ɗaya, kuma ni ina son shi, masu zagina su zo.

11/ Tom kuwa ya koma binciken abubuwan da ake gani a sama ba a san ko mene ne ba. Kowa na masa dariya, har 2020 da ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da bidiyoyin da kamfaninsa ya yaɗa tun farko. Wannan labarin wata rana.

12/ A 2021 Mark ya kamu da kansar jini, lymphoma, mataki na huɗu. Hoton da ya so tura wa na kusa da shi a Instagram ne ya fita ga kowa bisa kuskure. Tom ya neme shi, suka koma magana. A Satumbar shekarar Mark ya sanar cewa ya warke. Oktoban 2022 Tom ya dawo, makon da aka janye yajin aikinmu.

13/ One More Time ya fito a 2023, ya sake yin lamba ɗaya. Waƙar da ke ɗauke da sunan albam ɗin su da kansu take tuhuma: sau biyu suna shiryawa, kuma duka biyun sai da ɗayansu ya leƙa kabari. Ranar da na fara jin ta a hankali ban iya ƙarasawa ba, na cire abin kunnen na ajiye.

14/ Makon jiya Umma ta kira ni. Cikin hira ta ce mahaifin abokin nan nawa yana kwance a asibiti, wata guda ke nan. Ta ce "ba ka je ka duba shi ba?" Na ce karatu ne ya yi yawa. Ta yi shiru, irin shirun nan nata. Mutumin da ya sha biya mana kuɗin mota zuwa makaranta.

15/ Har yanzu ina ganin abokin nan bai kyauta min ba, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa ba shi damar ya yi bayani ba, ko sau ɗaya. Ɗazu bayan la'asar na tura masa: "Salam. Ya jikin Baba? Ranar Asabar zan shigo in sha Allah." Ya buɗe saƙon tun ƙarfe biyar. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Har yanzu dai bai turo komai ba.