Fosta Alkawari Ce

Ɗana, ƙanwarka ta nuna mini abin da ka turo mata a waya bayan sallar isha'i: fostar fim ɗinku na kammala karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, labarin manomin da ya ci bashin taki damina ta yi masa gardama. Na ƙirga kawuna tara, har da naka kai darakta, ga wuta tana ci a bayanku, ga wani ya ɗaga adda. Na ce mata, a ina wutar nan take a cikin fim ɗin? Ta ce babu. To, zauna ka ji.

Tun ba a haife ka ba nake cin abinci da fenti a nan Funtuwa. Da rana in yi wa motocin ɗaukar auduga rubutu, da yamma in zana allon da ake jinginewa a ƙofar silima. Wata rana aka kawo fim ɗin Indiya na soyayya da koke-koke. Mai gidan ya ce wannan ba zai tara jama'a ba, in zana masa Dharmendra, wanda muke kira Sarkin Ƙarfi, ya dunƙule hannu zai kai naushi. Na zana, har da jini a gefen baki. Gida ya cika maƙil da 'yan dako da yaran mota. Aka yi awa biyu ba a ko mari kowa ba. Sai jifa da ɓawon rake ya fara sauka ta ko'ina, ni kuwa ta katangar baya na fita. Abin da ya fi ciwo ya zo daga baya. Da aka kawo fim ɗin faɗa na gaske, na zana gaskiya, mutane suka riƙa wucewa suna cewa ƙaryar mai fenti ce. Ranar na gane fosta alkawari ce, kyan alkawari kuwa cikawa.

Na san inda kuka kwaso wannan tarin kawuna. Tun da 'yan Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a 1990 kasuwar fim ta buɗe a Kano, dillalan Ƙofar Wambai suka riƙa sayen kaset don fuskar da ke bangonsa. In akwai Ibro ko Ali Nuhu, kaya ya tafi. Ku fa? Ban da iyayenku, wa ya san fuskokinku? Jarinku labarin ne, shi za ku sa a gaba.

Ka zaɓi hoto guda. Da ni ne, manomin zan tsayar a tsakiyar masarar da ganyenta ya yi rawaya, riƙe da buhun taki wanda ba komai a ciki. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya daga Bakori zuwa Kafur, daga Ɗanja zuwa Malumfashi, yana ganin rawayar nan gabansa zai faɗi, don ya san yunwar taki ce. Ka riga ka kama shi tun bai karanta ko harafi ba.

Sunan fim ya zama babba, kada ya wuce kalma uku. Ka lura da lanƙwasar haruffa, don in ka yi sake ƙasa za ta koma kasa, mutane su yi ta dariya. A ƙarƙashinsa ka sa rana, wuri, lokaci, da ko shiga kyauta ce. Sunayen mai kamara da mai ɗaukar sauti su zo ƙanana a can gindi, amma kada ka manta da ko mutum ɗaya, don rashin ganin suna ya sha raba abokai.

Kafin ka kai wa mai bugawa, gwada ta sau uku. Liƙa ta a bango, ka hau acaɓa ka wuce. Abin da idonka bai kama ba, cire shi. Ka ƙanƙance ta a waya yadda za ta fito a WhatsApp. Sannan ka nuna wa kakarka, wadda ba ta karanta boko, ka tambaye ta labarin me ke nan. In ta ce bashi ne ya ci mutumin nan, aiki ya yi.

Saura haƙƙin mutane. Dattijon da ya ba ku aron gonarsa da fuskarsa, ka koma ka nuna masa, ya yarda kafin a manna shi a tasha. Bangon masallaci ba wurin fosta ba ne, bangon gida kuma yana da mai shi, yi sallama ka roƙa.

Ka kashe wutar nan, ka karɓe addar daga hannun yaron. In ka zo ranar Juma'a ka taho mini da sabuwar. Hannuna ya fara rawa, amma idona yana nan. Allah ya yi maka albarka.